Takardun da Baba Burushi Ya Ɓoye a Rigar Filo

Shagona na gyaran waya yana jikin nasa, katako ɗaya ya raba mu. Baba Burushi kowa ke kiransa a layinmu, don ya haura shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna da hannu. Yanzu injin bugawa ya ƙwace kasuwar. Duk da haka yakan buɗe shago, ya wanke burusansa da kananzir, ya jera su daga babba zuwa ƙarami, ya zauna. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a gari mai nisa, sai ranar Lahadi take bugo waya. In ba ni da aiki nakan ja benci zuwa ƙofarsa, shi ya yi ta magana, ni in yi ta ji. A haka na tsinci wannan labari, guntu-guntu.

Ciwon baya ne ya fara kai shi asibiti. Aka auna jini, aka ɗebi ɓargo, aka ce dajin ɓargo ne, wanda likitoci ke kira mayeloma. Aka yi magani, ya lafa shekara biyu, ya dawo. Aka sauya wani, ya lafa wata goma. A karo na uku likitar jini ta ja kujera kusa da shi, ta gaya masa magungunan da suke da su sun daina cin cutar. Amma akwai wani da ake kan gwadawa: za a tace ƙwayoyin garkuwar jiki daga jininsa, a kai su ɗakin bincike a koya musu gane cutar, bayan makonni a mayar masa da su. Ta ce ba ta yi masa alkawarin komai ba, kuma in ya ƙi babu laifi. Ya ce wato yaran aikinsa za a tura kwas su dawo. Ya sa hannu a takarda, har likitar ta tsaya kallon sa hannun.

Sharaɗin maganin shi ne a samu mai jinya. 'Yarsa tana da tsohon ciki, don haka yayarsa ce ta zo, tsohuwar da ta girme shi da shekara tara, wadda har gobe Auta take ce masa. Ranar da aka mayar masa da ƙwayoyin, a wata 'yar leda da ba ta kai tafin hannu biyu ba, aka sa shi a ɗaki shi kaɗai. Tagar ba ta buɗuwa, tankin ruwa da bayan ɗakin wanki kawai take nunawa. Yaya kan shigo rabin awa a yini, da takunkumi a fuska, sauran lokacin tana kan benci a baranda.

Nas ta yi masa bayani cewa wannan magani yakan kawo zazzaɓi, wani lokaci kuma ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tun kafin mutum ya ankara abin yakan fito a rubutunsa. Saboda haka safe da yamma zai rubuta jimla ɗaya, ita ɗin dai kullum. Ya gaya mini duk bayanin ya shiga kunnensa, amma abin da ya zauna shi ne wani yana son rubutunsa. Rabon da a nemi hakan gare shi an kwana biyu. Ya zaɓi allon farko da ya taɓa rubutawa yana yaro: Ana gyaran keke da faci a nan. Ya roƙi rula da ƙarin takardu, aka ba shi. Nas-nas har daga wani ɗaki suke zuwa kallo.

Rana ta shida da yamma layin rubutun ya gangara, ƙafar wani harafi ta ɓace. Ya duba ya sake dubawa. Maigidan da ya koya masa aiki da rula yake bugun yatsu, kuma dokarsa ɗaya ce: karkataccen aiki ba ya barin shago. Sai ya ninke takardar, ya cusa a rigar filo, ya sake wata. A takarda ta tara ya samu wadda zai iya nunawa. Nas ta karɓa, ta yaba, ta rubuta lafiya lau. Washegari da safe sai a takarda ta goma sha biyar ya samu, hannun hagu yana tallafe da na dama.

Yaya ba ta iya karatu ba, amma da ta shigo ta ɗaga filon za ta gyara masa, ta ji yana ƙaras-ƙaras.

"Auta, kasuwar takarda ka buɗe a nan?"

Ya ce ɓatattu ne, ba na nunawa ba. Ta zaro ɗaya, ta juya ta sama da ƙasa.

"Ni dai ban san baƙi ba, amma wannan kaza ce ta bi ta kai. Tun kana tsumma kake haka, ka yi fitsarin kwance ka juya tabarma. Ka ba yarinyar nan ko in ba ta."

Ya gaya mini ya daɗe yana kallon tankin ruwan nan. Mata ta tafi, kasuwa ta tafi, ƙashin bayansa ya zama abin lallaɓawa, hannun nan ne kaɗai bai taɓa ba shi kunya ba. Sannan ya danna ƙararrawa da kansa, ya miƙa wa nas takardun duka, ya kau da kai.

"Baba," in ji nas ɗin a hankali, "karkataccen muke nema ai. Shi ne aikin."

Kafin azahar ya kasa faɗin sunan watan da ake ciki. Likitoci suka taru, aka sa masa allurai, kwana uku bai san inda kansa yake ba. Likitar jini ta ce da an ƙara yini ɗaya, da maganar ta yi tsawo. Ta roƙe shi takardun, ta jera su bi da bi, ta ce za su shiga fayil ɗin binciken saboda waɗanda za su zo bayansa.

Wata bakwai ke nan da dawowarsa. Duk wata yana zuwa awo, sakamakon yana da kyau zuwa yanzu, kuma har yau ba wanda ya yi masa alkawari. Yaya ta koma gidanta. Yakan ce shekara arba'in yana aiki mai kyau ruwa da rana suna cinyewa, sai mafi muni ne manyan likitoci suka adana a fayil.

Hannun bai koma daidai ba. Kowace safiya, bayan ya jera burusan, yakan ɗauki takarda ɗaya tak ya rubuta jimlar keken. Yadda ta fito haka yake barin ta a kan tebur, ya ɗora gwangwanin fenti a gefenta kada iska ta ɗauke.