Amshin da Na Hana Kaka

Na tsufa ina rubuta tarihin mawaƙa. Na bi tsofaffin masu jita da masu busa ƙaho da suka yi tashe a gidajen rawa na Kafanchan zamanin da jirgin ƙasa ke sauke mutane dare da rana, na zauna da su, na ɗauki muryoyinsu a kaset. Wasu har rumbun waƙa suke ce mini, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana fasa mini kai. Amma akwai waƙa ɗaya da ta kuɓuce mini, ta gidanmu ce kuwa.

Kaka, mahaifiyar babanmu, tana zaune a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma, can ake kai mu hutu. Da an gama cin tuwon acca, rana ba ta ƙarasa faɗuwa ba, sai ta tura gwaza cikin toka, ta jawo kwandon citta tana kankarewa, mu jikoki mu kewaye wutar. Hausarta ta kasuwa da coci ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji a magana.

"Tatsuniya na ya iso," in ji ta.

"Ya shigo mu ji," mu ce.

Wadda muka fi so ita ce ta mai ɗiban zuma. Kullum yakan shiga wani kogon dutse, yana shiga bakin kogon ya rufe, ba ya buɗewa sai ya yi waƙa daga ciki matarsa ta amsa daga waje. Matar kuwa muryarta kamar ta kwaɗo take. Wata rana matan gari suka biyo ta wajen za su rafi, kunya ta kama ta, ta ce bari su wuce tukuna. Mijin ya rera sau uku bai ji kowa ba, ya ɗauka ta gudu ta bar shi, ya nausa can ciki neman wata hanya. Da ta buɗe baki, ya riga ya yi nisa.

Labarin da Hausa Kaka ke ba mu, amma waƙar da yaren Kagoma take yi, mu kuwa 'ya'yan barikin jirgi ne, ba ma ji. Ta koya mana amshin, kalma uku kacal. Baitocin nata suna da yawa, sai dai ba wanda ya taɓa sauraronsu, kowa na jiran ta kai ƙarshen layi ya fi ɗan'uwansa ƙarfin murya. A lokacin na ɗauka darasin bai wuce mace ta daina jin kunyar banza ba.

Da na fara aiki na sayi rakoda, na je ƙauyen ina ji da kaina. Na koyi ƙa'ida ɗaya da nake taƙama da ita: mai ɗaukar murya ba ya tari, balle ya sa baki. Na zaunar da Kaka a inuwar mangwaro, na kori kaji, na danna. Ta rera layin farko, ta tsaya tana kallona. Na yi mata alama da hannu ta ci gaba.

"Maigida na, ka amsa mana," ta ce. Haka take kirana tun ina ƙarami, don tsokana.

Na raɗa mata cewa muryata za ta ɓata aikin, tata kaɗai nake so.

Ta yi dariya. "Ni ba rediyo ba ne. Wannan waƙa mutum ɗaya ba ya yin shi. In kai ka zama babban mutum, ka kawo 'yan'uwan ka da Kirsimeti, su za su amsa."

Na kashe rakodar da ɗan fushi, na ce to sai Kirsimeti. Ba ta kai ba. Da damina muka binne ta.

Na zaga ƙauyukan nan na rera wa tsofaffi amshin. Wasu sun gane shi, amma kowa ya ce baitocin na Kaka ne, ita ke ƙirƙirarsu. Wata tsohuwar ƙawarta a zumuntar mata ta coci ta saurari kaset ɗin, ta ce layin farkon sunan yaro ake kira, ana tambayarsa ko yana nan. Ta ce Kaka takan bi jikoki ɗaya bayan ɗaya, kowa da baitinsa. Ashe duk shekarun nan mu take yi wa waƙa, muna ta ihu a kai.

Sai yanzu na gane ba muryar matar mai ɗiban zuman ce ta rufe kogon ba, jiran lokacin da ya dace ne. Abin yana ci mini rai har yau, don ni ko kunyar ba ni da ita, girman kai ne kawai.

Kaset ɗin na nan. Akwai layi ɗaya, sai shiru na kusan numfashi biyar tana jirana. In na kunna, ina amsawa da ƙarfi a daidai wurin. Ita kuma sai ta ce, "Maigida na, ka amsa mana."