Kazar Ta Warke, Ni Ban Warke Ba

Tun ina ƙaramar sakandare na yanke wa kaina abu biyu: zan zama likita, kuma zan buga wa jami'a ƙwallon hannu. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa in ce a bar ni da haƙorana. Bakina bai taɓa mutuwa ba, ko a gida an san ni da wannan.

Kuma ba cika baki nake yi ba. A filin makarantarmu, in na daka tsalle da dogon wandona da ɗan hijabina na ɗaga hannun dama, mai tsaron raga kan kau da fuska tun ƙwallon ba ta bar hannuna ba. Malamin wasanninmu ya ce akwai jami'o'in da ke da ƙungiyar mata, in na samu gurbin likitanci a ɗayarsu shi da kansa zai kai ni wurin kocinsu. Babana, wanda ke sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ranar da makina ya sauka, ranar ƙwallo ta ƙare. Bai taɓa sauka ba. Hannun da ke jefa ƙwallo da yamma shi ke zana zuciya da ƙoda a littafi da safe, kuma duk burina a kansa yake.

Ana saura 'yan makonni mu fara jarrabawar gama sakandare na karye. Muna atisaye ne, na yi tsalle, wata ta bangaje ni ba da gangan ba, na sauka a kan hannun. Ƙas! Har waɗanda ke bakin fili sun ji. Malamin ya so ya wuce da ni asibiti kai tsaye, amma ya ga ya kamata ya fara kiran Baba. Tsautsayi kuma ya sa ranar Goggo, yayar Baba da ke zaune a Miri, ta shigo gari sayayya tana rumfarsa, sai suka zo tare.

Goggo na ganin hannun ta ce asibiti fa? Allah ya kiyaye. Wai can ba abin da suka iya sai su zuba wa mutum siminti a hannu, in ya ƙi su yanke. Ta ce a Miri akwai mai ɗori da ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, har daga wasu garuruwa ake kawo masa mutane. Na ce a fara ɗaukar hoton ƙashin tukuna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce likitar da ba ta zama ba har ta fara ba manya umarni. Baba bai iya musu da yayarsa, ita ta goye shi. Ya ce in yi shiru, aka tare acaba.

Mai ɗorin dattijo ne mai fara'a, ban ga mugunta a fuskarsa ba, har yau kuma ban ce yana da ita ba. Ya ce a kawo kaza. Goggo ta sa aka kamo wata ja daga gidanta. Ya riƙe ƙafarta ya karya a gabana, ya ɗaure da 'yan tsinke da zare. Sannan maza biyu suka danne ni, ya ja hannuna har na ga duhu, ya shafe shi da man shanu, ya jera sandunan gora da aka fere, ya naɗe da tsumma tam. Ya ce kada wanda ya taɓa ɗaurin sai shi, in aka kwance ɗori ya lalace. Kazar kuma a tafi da ita a riƙa dubawa: yadda take haka hannuna yake, ranar da ta taka ƙafar ni ma na warke.

Aka kawo mu gida Fadaman Mada, ni da kaza. Goggo ta biyo mu ta zauna jinya.

Washegari yatsuna suka kumbura suntum, suka yi sanyi, farcen ya koma baƙi-baƙi. Ciwo kuwa ba irin na karaya ba ne, ji nake kamar an cusa hannun a murhu. Na san abin da ke faruwa, wallahi na sani, don ko a aji an koya mana abin da ke samun nama in jini ya daina isa gare shi. Na ce ɗaurin ya matse, a sassauta. Na faɗa da lalama, na faɗa da kuka, na faɗa da rashin kunya. Duk lokacin da na yi magana sai Goggo ta tashi ta leƙa akurki, ta dawo ta ce kaza na ci tana sha, idonta tar, to mene ne na raki? Maƙwabta ma in sun shigo dubiya, bayan sannu sai su tambayi kaza. Abin haushi, ga hannu a gabansu yana mutuwa, su kuwa suna can suna duba tsuntsuwa.

Innata ta so ta kwance. Na ga ta zauna kusa da ni har ta kai hannu kan ƙullin, sai ta janye, ta ce in wani abu ya faru za a ce ita ta ɓata ɗori, ina za ta sa kanta a dangin miji. Ban ga laifinta ba a lokacin, daga baya ne na yi ta jin haushinta.

Can sai ciwon ya ɗauke ɗif. Gida ya cika da hamdala, Goggo ta ce ai dama ta faɗa. Ni kaɗai na tsorata, don na tsikari yatsana da allura ban ji komai ba.

Kaza ta taka ƙafarta, har tana tono a tsakar gida. Aka mai da ni Miri. Da dattijon ya warware tsumman, fara'arsa ta gushe. Hannun ya tsotse, fatar ta saɓule wuri-wuri, yatsun sun lanƙwashe sun shige tafi kamar na mai damƙe da wani abu. Ya ce a riƙa gasawa da ruwan ɗumi, za su miƙe. Ranar Baba bai tambayi kowa ba ya kai ni asibiti. Likitan ya juya hannun, ya ce ƙashi kam ya haɗu, amma naman da ke motsa yatsu ya mutu tun kwanakin farko, kuma da an sassauta ɗaurin a lokacin da ba a kai nan ba. Ya tambaye ni me ya sa ban yi magana ba. Na buɗe baki, sai na ga fuskar Baba, na rufe.

Da hagu na rubuta jarrabawa, rubutu kamar tafiyar kiyashi, ana karɓe takarda ban kai rabi ba. Na sake zama, na kuma sakewa, makin likitanci ya ƙi kamuwa. Malamin wasanni ya ce in gwada jifa da hagu, na je fili sau ɗaya. Ƙwallon hannu da hannu biyu ake cafe ta, da aka jefo mini ta daki ƙirjina ta faɗi, yaran da na koya wa wasa suka sunkuyar da kai. Ban sake komawa ba. Yanzu ina koyar da ilmin halittu a wata ƙaramar makaranta. Masu cewa ai wannan ma alheri ne su riƙe maganarsu, ni na san abin da na rasa, kuma har gobe yana ci mini rai. Goggo har ta rasu tana cewa ƙaddara ce, ba ta taɓa cewa komai ban da haka ba.

Ni da Baba ba mu taɓa tayar da zancen ba. Komai da hagu nake miƙa wa mutane, ina cewa a yi haƙuri da hagu, har bakina ya gaji na daina faɗa a gida. Kwanakin baya ya dawo daga kasuwa a gajiye, hankalinsa na wani wuri, na kawo masa ruwa a kofi. Bai ɗago ba ya ce, da irin muryar da yake mana faɗa muna yara, "Ke, da hagu ake ba uba abu?"

Na ce, "Baba, ita ta rage."

Ya ɗago ya dubi hannuna na dama, wanda rabonsa da kallonsa tun ranar asibiti. Ya karɓi kofin da hannu biyu ya riƙe, bai sha ba. Ina tsaye ina jira in karɓi kofi, sai na ga kofin ya karkace, ruwan yana zuba a kan rigarsa, shi kuwa idonsa na kan hannuna.