Darwis Mai Yi wa Bututu Aski

Shekara goma sha tara Darwis ya yi a kamfanin kwakwar manja da ke bayan ƙauyensu, a gaɓar teku ta lardin Riau. Da katafila ya fara, yana haƙa magudanan da suka tsotse ruwan gambut, baƙar ƙasar nan mai laushi, don a samu wurin shuka. Da ciwon baya ya kama shi, sai aka mai da shi mai duba bututu.

Bututun ƙarfe ne ake kafawa har ya taɓo yumɓu, a yanke kansa daidai da doron ƙasa. Idan gambut ya bushe sai ya yi ta lotsawa, yana sakin iskar da ke ɗumama duniya, bututun kuwa yana nan inda yake. Tsawon da ya leƙo shi ke nuna yawan ɓarnar. Duk shekara kafin masu bincike su zo, manaja yakan kira shi, yana ce masa Bang, wato yaya, don girmamawa.

"Bang Darwis, yaranka sun yi suma. Je ka yi musu aski."

Yakan ɗauki zarto ya tafi, guntayen kuma ya watsa su a magudana.

Bana ruwan gishiri ya shiga gonar kwakwar yayarsa Halijah, wadda ke iyaka da kamfanin. Bishiyoyi suka karkace, saiwoyi a waje. Mutanen ƙauye suka kai ƙara. Kamfani ya ce teku ce ta taso, ƙasa ko taƙi ba ta sauka ba, ga bututu nan shaida.

Halijah ta tarar da shi yana cin shinkafa da busasshen kifi.

"Wis, ƙasar nan ta sauka ko ba ta sauka ba?"

"Kak, ni fa lebura ne," in ji shi, don haka suke kiran yaya mace.

"Lebura mai hular kwano! Ni na goya ka, kada ka yi mini amsar ofis."

Ya ture kwanon. "Ta sauka. Ta kai ƙuguna."

"To ina sauran ƙarfen?"

"Ni na yanke."

"Ran Litinin za a zauna a ofishin gunduma. Ka zo ka maimaita a can."

Gidan da yake ciki na kamfani ne, saura shekara uku kuma ya yi ritaya. Ya ce zai yi tunani.

Ran Litinin ya yi shiri ya bi hanyar gunduma. Daga nesa ya hango Halijah a kan benci, ta sa gyalenta na zuwa biki, tana leƙen hanya. Ya tsaya a bayan wani shagon shayi har aka kira su ciki, sannan ya juya ya nufi wurin aiki.