Riƙon Adda Dela

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Adda Dela a unguwar Kanti, ita ma katangar ba ta kai kafaɗata ba, don haka babu abin da take yi da ya ɓuya mini. Shekara goma sha ɗaya ina shaƙar hayaƙin suyar gyaɗarta. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. In ta idar da sallar asuba sai ta hura wuta, ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta ɗora a ka zuwa inji, ta dawo ta zuba a turmi ta yi ta juyawa da ruwan zafi har mai ya taso. Aikin nan ya cinye mata kafaɗu. Ba ta wuce hamsin da biyar ba, amma in za ta miƙe daga kujera sai ta dafa gwiwa ta ɗan tsaya tukuna.

Bafulatana ce daga wani ƙauye a bayan Gwiwa. Aure ne ya kawo ta Kazaure, gidan wani masinja na ƙaramar hukuma. Ta haihu uku, duk suka koma tun suna goye. Da ƙaninta Daudu ya yi aure matarsa ta haifi 'yar fari, ana yaye ta ya ɗauko ta a kan babur, ya sauke ta a tsakar gidan nan ya ce, "Adda, ga 'yarki." Yarinyar ita ce Zaituna. A wajensu haka ake yi, ɗan fari ba na iyayensa ba ne, na dangi ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ci da wuta. Sadiyya, uwar da ta haifi Zaituna, har yau "'yar Adda" take ce mata.

Mijin Dela ya rasu yarinyar tana aji ɗaya. Daga nan suka rage su biyu a gidan, kwano ɗaya, gado ɗaya. Ni kuma, Bahijja, ni ce malamar aji shida a firamaren da Zaituna take, saboda haka da safe ina da ita a aji, da yamma ina jin muryarsu ta kan katanga, Dela na faɗa a kan an bar man gyaɗa a buɗe, Zaituna na cewa, "Goggo, ke ce fa kika buɗe."

Duk shekara in an yi dogon hutu, Dela kan aika ta ƙauye ta yi damina wurin iyayenta. Kaya kala uku take ɗaura mata a leda, ba ƙari. In an kusa komawa makaranta yarinya ta dawo ta yi baƙi ta rame, da ƙwan zabi a ƙwarya da man shanu a kwalba, Dela ta yi ta mita wai an bar ta tana yawo a rana, alhali bakinta ya ƙi rufuwa don murna.

Bana da babbar salla Daudu ya zo gaisuwa. Ina wanke-wanke na ji shi yana ta kewaye-kewaye. Wai an buɗe ƙaramar sakandare kusa da su, wai Sadiyya tun haihuwarta ta biyar jikinta bai koma daidai ba, wai in yarinyar nan ta gama firamare sai a zauna a duba inda za ta ci gaba. Bai ce a ba shi ita ba. Mutumin kirki ne, kuma yana jin nauyin yayarsa. Dela ta ce, "Allah ya kai mu." Shi ke nan abin da ta ce.

Daga ranar ta fara zubewa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Sau biyu tana ƙona ƙuli, abin da ban taɓa gani ba. Na leƙa na ce, "Adda, ki buɗe baki ki ce a bar miki ita. Daudu ba zai ƙi ba."

Ta ci gaba da mulmula tunkuza, ba ta ɗago ba. "Malama, shekara goma uwarta ba ta taɓa cewa a ba ta ita ba. Ni ce zan ce a hana ta?"

Na ji haushi, don ni Bahausa ce, irin wannan kawaicin yana gajiyar da ni. Amma hankalina bai tashi sosai ba, saboda Zaituna ta same ni a aji bayan an tashi, ta ce ita a Kazaure take so ta zauna, kuma ranar yaye ɗalibai in Baffanta Daudu ya zo za ta gaya masa da bakinta. Yarinya ce mai baki, ba ta gado shirun gidansu ba. Na ce to, madalla.

Wanda bai taɓa koyarwa ba bai san gajiyar ƙarshen zango na uku ba. Yara saba'in da huɗu ne a ajina. Makon nan na yi makin jarrabawa har idona ya daina gane jan biro, na cike katin sakamako saba'in da huɗu, na rubuta "a ƙara ƙoƙari" har hannuna ya sage. Ga ruwa yana zuba ta rufin ajin, ga nawa yaran a gida da nasu katin. Ranar taron kuwa aka kafa rumfa a filin makaranta tun takwas, manyan baƙi ba su zo ba sai sha ɗaya. Kowa aka miƙa wa makirufo sai ya ce ba zai tsawaita ba, ya kwashe rabin awa. Hadari ya haɗo ya ƙi zuba, zafi ya dame mu, jarirai suka yi ta kuka a bayan iyayensu.

Dela ta zo cikin atamfarta ta salla, ta zauna a layi na uku na ɓangaren mata. Kusa da ita ga Sadiyya da goyo. Wannan ne karo na farko da Sadiyya ta taka makarantarmu. Daudu ne ya matsa mata ta biyo shi, yana can wajen maza.

Hedimastanmu, Malam Haladu, ya fito da wani tsari shekara biyu da suka wuce, duk yaron da ya ci kyauta mahaifiyarsa za ta fito ta tsaya kusa da shi a ɗauke su hoto. Mata suna son abin, wasu har guɗa suke yi. Ni da na san gidan ciki da waje, ya kamata in yi tunanin abin da zai faru in je in gyara tun da wuri. Gajiya ta hana ni, ban tuna ba sai da aka kira sunan Zaituna Daudu, ta biyu a aji shida, na miƙa mata bokitin roba da littattafan rubutu a ciki.

Ta tsaya a gaban rumfa tana murmushi, tana duban layi na uku. Mai hoto ya ɗaga kyamara yana jira.

Dela ba ta tashi ba. Ga uwar da ta haifa a zaune, ina za ta miƙe a gabanta ta nuna wa duniya 'yar tata ce? Na ga ta taɓa Sadiyya da gwiwar hannu. Sadiyya kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta sunkuyar da kai. 'Yar fari, a gaban jama'a, a gaban yayar miji, ko da wuƙa a wuyanta ba za ta fito ba. Ita ma ta taɓa Dela. Haka suka zauna, kowace tana girmama 'yar'uwarta, yarinya tana tsaye ita kaɗai rungume da bokiti.

Malam Haladu ya yi kira mahaifiyar Zaituna ta fito. Wata mata a baya ta ce, "Allah sarki, ko marainiya ce?" Zaituna ta ji, don na ga murmushin ya ɗauke. Sai na taka na je na tsaya kusa da ita aka ɗauki hoton. Ba ta dai yi kuka ba.

Bayan la'asar suka zauna a tsakar gidan Dela. Ni ma na shiga da sunan yi wa baƙi sannu da zuwa, na ƙi fita. Daudu ya daɗe yana zancen damina, gero ya yi kyau, ciyawa ta taso, ga maimai yana jiransa a gona, gobe da sassafe za su koma. Can ya ce, "To Adda, maganar yarinyar nan, me kika gani?"

"Abin da kuka gani, Daudu. Taku ce."

"A'a, Adda, taki ce."

"Allah dai ya yi mata albarka."

Ya juya wajen Zaituna, wadda ke zaune a bakin ƙofar ɗaki tun da aka dawo, ba ta ko cire kayan makaranta ba. "Ke kuma fa? Nan ko can?"

Na zuba mata ido, har ina gyaɗa mata kai. Ita kuwa Dela take kallo. Ta daɗe tana kallonta, tana jiran ko da kalma ɗaya. Dela tana tsince tsakuwa daga gyaɗar da ta riga ta tsince tun jiya.

"Duk inda aka ce, Baffa," in ji Zaituna.

Raina ya ɓaci har na kasa zama. Mutum huɗu a tsakar gida, babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kuma babu wanda ya faɗi abin da yake so. Na koma gidana na huce a kan yarana.

Da safe na tarar Dela ta gama haɗa kaya. Ba leda ba ce bana, babbar jaka ce irin ta buhu mai zif. Ta zuba komai, kayan sawa, takalma, allo, takardar haihuwa, har 'yar tukunyar wasan da yarinyar ta daina taɓawa tun tuni. Ba ta so a ce ta riƙe wani abu don a dawo mata da ita. Zaituna ta durƙusa tana dubawa, sai ta zaro wata rigar sanyi ja, wadda Dela ta saya mata bara.

"Goggo, damina ce fa. Me zan yi da wannan?"

"Sanyi zai zo."

"Ai kafin sanyi an koma makaranta."

Dela ta karɓi rigar ta ninke ta mayar cikin jaka, ta ja zif. Aka ɗora jakar a keke mai ƙafa uku zuwa tasha. Sadiyya ta durƙusa har ƙasa ta yi wa Dela sallama. Zaituna ta ce, "Sai wata rana, Goggo," ta shige ba ta waiwayo ba. Dela ta tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana, sannan ta koma ta hura wuta.

Hutu ya kama. Unguwa ta cika da yara tun safe, nawa suna ta faɗa a kan ƙwallo, ruwa yana sauka kwana bibbiyu, duwatsun bayan gari suka yi kore. Ni na yi barcin kwana biyu a jere kamar wadda aka yi wa duka. Ta kan katanga kuwa ba na jin komai sai ƙarar muciya a turmi.

A rana ta uku na ji ta kira ni. Na leƙa. Tana tsaye a ƙofar ɗaki da jar rigar nan a hannu. Ta ce ta ɗaga katifa za ta shanya, ta same ta a ninke a ƙarƙashi, ta wajen da Zaituna take kwana.

Daɗi ya kama ni. Na ce, "Kin gani ko, Adda? Yarinya ta fi ku wayo duka. Ta bar ta ne don ta san za ta dawo. Ki ajiye, in hutu ya ƙare ki kira Daudu ki ce ta zo ta ɗauki rigarta, daga nan shi ke nan."

Ta kai rigar hancinta, ta sauke, ta shige ɗaki.

Washegari ranar kasuwa ce. Ina dawowa daga cefane na hango ta a bakin tasha, tana miƙa wa wani direba ɗan garinsu ƙunshi a baƙar leda, tana yi masa kwatancen gidan Daudu. Ban jira mun isa gida ba, a kan titi na tare ta.

"Adda, me kika ba shi?"

"Rigar ce. Da ɗan ƙuli."

"Haba Adda. Kin san abin da za ta ɗauka in ta buɗe ledar nan? Cewa za ta yi kin kore ta."

"Na sani."

"To saurin me kike yi? Da sauran wata huɗu kafin sanyi."

Ta nemi dakalin wani shago ta zauna, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu. Motar ta tashi, ta bi ta da kallo har ta hau titin.

"Malama," ta ce, "jiya da ita na kwana a hannu. In ta ƙara kwana a ɗakin nan, ba zan iya bayarwa ba."