Italiyancin Yaya Sabi'u

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, Allah Ya jiƙan sa, amma har yau ba na iya shiga metro, jirgin ƙasan nan na cikin birni mai tuƙa kansa, ban yi murmushi ba. Kullum gaba yake tsayawa, inda ya kamata direba ya zauna, ya ce ai shi tuni ya ga jirgi marar direba a littafinsa.

Littattafan nan wasu tsofaffin mujallu ne na labaran zane, takardunsu duk sun yi ja. A sito ya tsinto su a unguwar Al Warsan, nan ƙasar wajen da muke ci-rani, an cusa su cikin kwalin faranti don kada kaya su fashe. Kowacce da gajerun labarai a ciki: mutanen wata duniya masu ƙaton kai, butumbutumi mai dafa abinci, gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki. Matsalar ɗaya ce, da Italiyanci aka rubuta su. Yaya ya ce wannan ba komai ba ne, yana jin yaren.

Duk Juma'a bayan an ci shinkafa a gidanmu na unguwar Al Qusais, sai ya miƙe ƙafa ya fassara mana. Mutanen sama da Sakkwatanci suke magana a bakinsa. Mai kisan kuwa canzawa yake yi: duk wanda ya shanye madarar shayi a makon, to mai kama da shi ne zai aikata. Mun sani sarai, amma wa zai tona?

Bana 'yarsa Rukayya ta zo karatu. Tana ƙarama ya rasu, abin da ta riƙe game da shi kaɗan ne, kuma a ciki har da cewa babanta ya iya Italiyanci. Da alfahari take faɗa. Ranar da na miƙa mata mujallun, sai ta zaro waya ta ce, "Baffa, yanzu ai ɗora kyamara ake yi ta fassara."

Na ji tsoron a mayar mata da uba maƙaryaci a gaban idona. Da yana raye, na san cewa zai yi wayar ce ba ta ƙware ba.

Na ba ta labarin ɗakin da aka kulle yadda ya saba ba mu, ita kuma tana bin na wayar. Ko kusa ba su haɗu ba. Wanda Yaya ya ce ɗan sanda ne, ashe mai gyaran agogo ne. Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Baffa, ashe duk shi ya ƙirƙira? Wallahi nasa ya fi daɗi!"

Na daɗe ban ji sanyi a raina kamar na ranar ba. Yaya bai bar gida ko fili ba. Ya bar tsofaffin takardu da labaran da babu su a ko'ina sai a kawunan mu da muka zauna da shi, kuma mu ma furfura ta fara kama mu.

Rukayya ta kife wayar a kan kujera, ta buɗe shafin butumbutumin, ta turo mini.

"To wannan fa, me Baba ya ce ya ce?"