Koriyar Wayar da Na Cire a Amf ɗin Yaya Habu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Habu mai bes ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina shan koko a ƙofar gidanmu a Gwaram. Sale, mai ganga a ƙungiyar kiɗansu, shi ya kira ni. Wai jiya bayan la'asar wuta ta ja Yaya Habu a wurin wani biki a Surko, da jitarsa a wuya. An kai shi asibiti, bai farfaɗo ba, da asuba ya cika.

Ɗazu muka kai shi makwancinsa a Birnin Kudu. Har yanzu da jar ƙasa a ƙafar wandona.

Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, wannan ba ta'aziyya ce kaɗai ba. Amf ɗin da ya yi kiɗa da shi jiya, wato na'urar ƙara sautin jitarsa, an tafi da shi Sara, za a jona shi a wani bikin yau, kuma ni kaɗai na san abin da ke jikinsa. Ina cikin motar Sara a tasha ina jira ta cika.

Wanda bai san shi ba: tela ne a bakin kasuwa, amma duk yankin nan in ka ji jitar bes, mai kaurin muryar nan da kake ji a ƙirji, to ko shi ne ko wanda ya koya wa. Ni ma a hannunsa na koya. Na je kai ɗinki na ga jita a rataye a bayan keken, na ce ko zan iya taɓawa. Ya kalli yatsuna ya ce na yanke farce na dawo gobe.

Na dawo. Shekara tara ke nan.

Mutum ne mai ra'ayi, kuma ba ya ɓoye shi. Bes mai tsirkiya biyar? Ya ce ka gama da huɗun tukuna. In ya ga mai fiyano yana danna bes da hannun hagu sai ya kawar da kai kamar an yi abin kunya a gabansa. Ya ce mai bes ba mawaƙi yake saurare ba, ƙafar mai ganga yake saurare, kuma in 'yan biki suka fara kallonka suna tafi to ka cika surutu, ka rage.

Ya ce ka ci abinci kafin ka bar gida, kada ka dogara da shinkafar biki. Ka riƙe kebul ɗinka biyu. Kada ka ajiye amf a ƙasa, ka nemi benci. Da ka ji an taɓa lasifikar masallaci ka kashe naka, ko da ango ne a tsakiyar fili.

Lokacin da tsirkiyata ta mutu, sauti ya dushe, ban san inda zan samo sabuwa ba. Ya kwance duka huɗun ya dafa a tukunya, ya shanya a igiya, suka dawo garau. Anti Rabi, matarsa, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, don tukunyar miyarta ce. Ni kuwa har yau in na shiga gidan sai ta ce ga mai cin miyar ƙarfe ya zo.

Sarkin Gaggawa yake kirana. Wallahi bai yi ƙarya ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi rodi ne. Duk inda za a yi wasa, yana zuwa da guntun rodi da guduma a cikin buhu. Kafin a tayar da janareta sai ya kafa rodin a ƙasa, ya ɗaura waya daga jikin janaretan, ya zuba ruwa buta guda a gindinsa. Mutane su yi ta dariya, wai Habu ya zo dashen ƙarfe. Ya bayyana min cewa in wuta ta ɓalle a cikin amf, koriyar wayar da ke cikin filogi, wadda masu wayarin ke kira at, ita za ta kwashe ta ta kai wa rodin. In babu ita, ta tsirkiya wutar za ta bi, ta shiga jikin wanda ke riƙe da jita.

Na san wannan. Ba zan ce ban sani ba.

Sati biyu da suka wuce amf ɗina ya ƙone, ga wasa a Zandam. Ya ara min nasa, abin da ba ya yi wa kowa. Muna jonawa sai ya kama kugi, wani gurnani mara daɗi da ke fita ta sifika. Mawaƙinmu yana hararata, abokin ango ya zo sau uku yana tambaya ko kayan namu na bola ne. Kunya ta kama ni, zuciya ta ɗebe ni.

Na taɓa gani a wani bidiyo cewa in ka cire at kugi yana ɗaukewa. Na zare filogin, na kwance shi da sukundireba, na cire koriyar wayar na lanƙwashe ta gefe, na mayar da murfin na ɗaure. Kugi ya ɗauke ɗif. Har yaba min aka yi.

Ana cikin wasa na ji tsirkiya tana ɗan cizona a yatsa. Na ce gumi ne.

Na ce in mun tashi zan mayar. Muka tashi ana yayyafi, kowa na rige-rigen loda kaya. Na ce gobe. Goben ta zo na manta.

Ranar Litinin na kai masa shago. Yana kan keke, da tef a wuya, yana ɗinka wa wata amarya kaya. Ya sa aka kawo min zoɓo, ya tambayi matata Maman Walid da yara. Sannan ya dafa amf ɗin ya ce, "Bai ba ka matsala ba dai?"

Na ce, "Ya ɗan yi kugi, amma lafiya lau muka gama."

Ya yi dariya ya ce, "Tsufa ne. Kugi ba ya kisa, Sarkin Gaggawa. In ya yi, ka bar shi ya yi abinsa."

A nan ya kamata na faɗa. Maganar ta zo min har baki. Na ji tsoron kada ya ce ba zai ƙara ara min komai ba, na ce a raina zan dawo ranar da ba ya nan na gyara a ɓoye. Na shanye zoɓona na yi masa sallama.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

A maƙabarta Sale ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Ya ce Yaya Habu ya kafa rodinsa kamar kullum, ya zuba ruwa. Ya bi kayan haya ɗaya bayan ɗaya da testa, sifika, mikisa, makirfo. Amf ɗinsa ne kawai bai gwada ba, don shi ya haɗa filogin da hannunsa, kuma daga waje ƙafafun filogin uku cif. An yi ruwa da azahar, ya taru a saman kanofi yana ɗiga kusa da kaya. Yana riƙe da wuyan jita da hagu, ya kai dama ya kama ƙarfen kanofin zai girgiza ruwan.

Sale ya ce ko ihu bai yi ba. Ya dai sandare, sai da wani ya ruga ya kashe janareta.

Kowa a wurin zaman makoki janareta yake zargi, wasu su ce ruwan sama. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma na kuma san abin da hannuna ya yi.

Na tambayi Sale ina amf ɗin. Ya ce a ruɗewar jiya Nafi'u, mai hayar kayan sauti, ya kwashe komai ya zuba a motarsa, har da na marigayi, kuma yau yana da aiki a Sara. Nafi'u bai san komai ba. Na san halinsa, in ya ga amf mai kyau a mota sai ya jona, kuma tun kafin la'asar yake fara gwajin kaya. Na kira shi ya fi sau ashirin, a kashe. Ban ma san gidan da ake bikin ba.

Jama'ar Sara, don girman Allah. Duk wanda ya ga ana kafa kanofi da sifiku a unguwarsu, ya je yanzu, kada ya ce bari ya gama abin da yake yi. Amf ɗin baƙi ne, kusurwa ɗaya an naɗe ta da jan salatif, a bayansa an rubuta HABU da farin fenti. Kada a jona shi. Kada a ce bari a gwada a gani. In an riga an jona, kada kowa ya taɓa shi ko jitar da ke jikinsa, a kashe janareta tukuna.

'Yan uwana makaɗa, na san ba ni kaɗai na taɓa yin wannan dabarar ba. Yau ɗin nan kowa ya kwance filoginsa ya duba.

Anti Rabi, na gaishe ki ɗazu na kasa ɗaga ido. Na san wani zai karanta miki wannan kafin na dawo. Ba haka na so ki ji ba, amma in na jira sai na tsaya a gabanki, ina tsoron a ɗauki wata gawar yau. In na fito daga Sara gidanki zan zo kai tsaye, ki faɗa min duk abin da kika ga dama, zan tsaya na ji.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Habu. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Ka ba Anti Rabi da yaransa huɗu haƙuri, ka tsaya musu. Ni kuma ka yafe min, ya Rabbi, ka sa saƙon nan ya riga ni isa.

Duk wanda ya karanta, ya yi wa Yaya Habu addu'a, sannan ya tura wa duk wanda ya sani a Sara. Ku haɗa da wanda zai ɗauki jita a bikin nan yau, ban san ko wane ne ba, ku roƙa masa Allah ya tsare shi.