Alkasum Bai Bar Babur Yana Ɗingishi Ba

Alkasum makaniki ya rasu ranar Talata, ashirin ga watan Afrilu, 1937, kuma babur ɗin da ake cewa ya gagare shi ya je ƙauyen Tirmini ya dawo jiya Alhamis bai yi tari ko sau ɗaya ba. Na haɗa labaran biyu don haka suke haɗe a zuciyata, kuka a gefe ɗaya, murna a gefe ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Salamu alaikum, jama'ar Birni da Zango, da duk wanda takardar nan ta iske.

Ni ne Inusa, ɗan aiken likita, mai kai malamin lamba, mai yi wa yara rigakafin agana, ƙauyuka a bayan babur. A lakwal, makarantar boko ta yamma, na koyi rubutu, gemuna da furfura, a yi haƙuri da hannuna.

Alkasum, da kai nake. Ɗan maƙera ne kai, mahaifinka hauya da gatari ya ƙera, kai kuma ka shiga garejin Nasara kana wanke ƙarafa har ka fi masu koya maka kunne. Kowa ya san yadda kake dafa sanda a jikin inji, ka kara ɗaya bakin a kunnenka, ka rufe ido kamar mai sauraren wa'azi. Tsofaffin unguwarku ba su taɓa jefar da fitila ko kwado ba, kai suke kawo wa. Ranar da keken ɗinkin Suma'ila tela ya karye ana jibi salla, ka bar abincinka ya huce ka ƙera masa haƙorin da ya fita, ka ce ba za a hana yara riga saboda ɗan ƙarfe ba.

Amma alherin da ka yi mini ya fi ƙarfin gyara. Ka yarda da maganata lokacin da kowa ya ce ƙarya nake.

Babur ɗin likita silinda biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Tun farkon bazara, in mun fita gari muka shiga gargada, sai ɗaya ta ɗauke wuta, ya kama ɗingishi, ya kasa hawa rairayi, can kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Sau uku muna isa ƙauye rana ta take, mata sun gaji da jira sun watse da 'ya'yansu, ga agana tana yawo. A hanyar dawowa kuwa lafiya lau. In na kawo maka shi gareji, tashi ɗaya, murya sumul.

Mutari tafinta ya ce a gaban mutane, "Baba Inusa, wannan babur naka jinin jaki gare shi. Fita da ɗingishi, komawa gida da gudu. Ko dai mai shi ne ba ya son rana?"

Aka yi dariya. Likita Banasare bai yi dariya ba, ya ce in ƙarshen wata ya zo ba a ga ciwon ba, in ajiye aiki. Maganar ta kai har gidana. Jikata Wasila ta ce, "Kaka, wai a kasuwa an ce tsoron rana kake." Na ce mata ja can, matar da ba ta iya tuwo ba, amma tuwon ranar bai wuce mini ba. Ni da jikoki biyar a ce mini maƙaryaci.

Kai ne ka je ka tsaya gaban likita ka ce, "Wannan dattijo ba ya ƙarya. Ciwon da ke zuwa yana tafiya ya fi wanda ya zauna wuyar kamu. In ƙarya yake, ni ma a karɓe aikin daga hannuna." Ka ɗaura sunanka a jikin nawa, ba wanda ya roƙe ka.

Daga nan ka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ka ce in ya fara in tsaya nan take, in tofa yawu a bututun hayaƙi biyun, wanda yawun bai yi ƙara sosai a kansa ba shi ne mai laifi. Na hagu ne. Ka musanya buji, 'yan ƙarafan da ke ba silinda wuta, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, ciwon bai bi buji ba, ya zauna a hagu. Ka wanke karbureta, ka tace mai da ƙyalle, ka buɗe manyato, inda wutar ke fitowa, ka goge bakin wutarsa. Ka ce mini, "Tsohon ɗan lakwal, karatun nan naka ya yi rana. Rubuta mini inda yake farawa da inda yake bari." Na rubuta, na riƙa karanta maka. Masu cewa iskokin tsamiyar hanya ne ka ce musu, "Iskan da ke kama hagu kaɗai, da safe kaɗai, wannan iska ma'aikaci ne, yana da lokacin tashi."

Ka yi niyyar hawa bayana mu tafi tare, sai ciwon ƙirji ya kwantar da kai.

Ranar Asabar na dawo daga hanya, aka ce jikinka ya yi tsanani. Ban biya gida ba, na zo ƙofarka yadda nake, da ƙura da kaya. Ka ji ƙarar, ka sa matarka Ramlatu da maƙwabci suka riƙo ka zuwa bakin zaure. Ka daɗe kana kallon babur, sannan ka nuna salkata ta ruwan sha da ke rataye a hagun tanki.

"Wannan fa, tun yaushe take nan?"

"Kullum in za ni daji. Gefen dama na akwatin magani ne."

"Ni ban taɓa ganinta ba."

"To wa ke zuwa gareji da salka? Gida nake fara kai ta, a jiƙa ta a rataye a inuwa."

Ka ce a cika ta. Aka cika, na tada babur, ka ce in jijjiga shi kamar a gargada. Salka ta yi zufarta da ta saba, ɗigo ya sauka a kan wayar buji ta hagu, nan take hagu ta ɗauke. Zafin inji ya busar da ruwan, ta dawo. Ka sa na juya wayar, sai ga tsaga a cikinta siririya kamar gashi, wadda ba ta yin komai in a bushe take. Da safe salka cike take tana tsiyaya. Kafin mu juyo mun shanye rabi, ta bushe. Jakin Mutari ke nan.

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka sa aka ɗauko sabuwar waya a akwatinka, ka ce, "Maida salkar baya. Kada ka jefar da tsohuwar wayar, kuma kada ka faɗa wa kowa sai ka je ka dawo. Abin da aka gani a ƙofar gida rabin shaida ne."

Ba ka jira sauran rabin ba. Talata muka kai ka makwancinka, ina jin waɗansu a baya suna cewa, Allah sarki, babur ɗin nan dai ya ga bayansa. Na danne bakina don ka ce in danne. Alhamis muka isa Tirmini da hantsi, mata ba su watse ba, aka yi wa yara lamba har na bayan gari. Na tsaya gindin bishiya na yi kuka, malamin lamba ya zaci rana ce ta buge ni.

Allah Ya jiƙanka, Alkasum. Allah Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa yaran nan da aka yi wa lamba su zama cikin ma'auninka. Ina yi wa Ramlatu ta'aziyya, da 'ya'yanka Tahiru da Hadiza, da dukan dangin maƙera. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa.

Saura abu ɗaya, kuma ba zan bari ba sai na yi shi. Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa fatiha, zan kawo babur ƙofar gidansa, in mai da tsohuwar waya, in rataya salka a hagu. Likita ya ce zai zo. Mutari, kai ne za ka cika salkar da hannunka. Duk wanda ya ce ƙarya nake, da duk wanda ya ce aikin ya gagari Alkasum, da wanda bai ce komai ba, ku zo ku gani.